Inshora Ba Ta San Gayya Ba

Ungwan Ɗorawa, ta Kwoi
Watan Fabrairu

Ƙanena Gilbert,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya Fatakwal, yaya Lucy da yara? Ina fata tarin nan ya saki ƙaramar. Mu nan sai godiya. Gwiwata ce dai ke mini mita safe da yamma, hawan jinin kuma yana nan inda ka bar shi, ya zauna daram kamar ɗan hayar da ya ƙi tashi.

Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannu. In zan kira ka a waya sai na hau dutsen bayan coci na yi ta ihu, kafin in sauko duk gari ya san abin da ke cikin tukunyata. Shi ya sa na rubuta, in na shiga Kafanchan in ɗauki hoton takardar in turo maka. Kakata da kakarka ciki ɗaya suka fito, don haka dole ka haƙura da wannan rubutu nawa na tafiyar tsutsa.

Ga maganar. Ka san ɗan kamfanin ginin da mijina marigayi Nelson ya bar mini. Tun rasuwarsa ban yi wani abin kirki da shi ba, sai gyaran aji nan, katangar coci can. Shekarar da cuta ta cinye mana citta ce ta sa na kakkaɓe takardunsa na shiga neman aiki da gaske. To, Allah ya amsa. Hukumar lafiya ta ba ni kwangilar gina ɗakin haihuwa a kilinik ɗin garinmu. Garinmu fa, Gilbert, ba na wasu ba.

Ranar da aka faɗa a sujada ba a ji ƙarshen sanarwar ba saboda guɗa. Hulda, uwar zumuntar mata, ƙawata tun muna zuwa rafi da ƙoƙo, ta ƙanƙame ni tana kuka. Ka tuna 'yarta Joanna ce ta cika a kan mashin tana naƙuda, kafin su isa Kwoi. Tun daga lokacin Hulda take bin ofis-ofis da takardar roƙo har takalminta ya cinye. In ana maganar mai ɗakin nan, ita ce, ni bulo kawai zan jera.

Da na je sa hannu, injiniyar hukumar, wata yarinya mai ladabi, Amatullahi, ta ce ba zan sari ƙasa ba sai na kawo takardun inshora har uku. Ta yi mini bayani, na yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, na fito ban riƙe ko ɗaya ba. Kunya ta hana ni cewa ta maimaita. Kai da ka tsufa a aikin inshora, ka fayyace mini da Hausar da zan gane: na mene ne, a ina ake samu, kuma me zan yi don kada a ƙwace aikin. Ni na gaji da hawa benen ofisoshi, gwiwar nan ba ta gwamnati ba ce.

Mutanen gari sun ce za su yi gayya, mata su kawo ruwa, samari su haƙa fandisho, don mu ga rufi kafin damina. Ka amsa da wuri.

Yayarka,
Milka

*

Fatakwal
Watan Fabrairu

Yaya Milka,

Alheri da salama su tabbata gare ki. Muna lafiya, tarin ya tafi, Lucy tana gaishe ki da murna. Ki rage gishiri, ki kuma daina hawa dutsen nan. Barka da wannan aiki. Da Yaya Nelson yana da rai da ya yanka akuya.

Takardun ba su da wuya. Ta farko ta ginin ce kansa: in wuta ko iska ko ruwa ya lalata shi kafin ki miƙa wa hukuma, kamfanin inshora ne zai biya gyara. Ta biyu ta ma'aikatanki ce, birkila da kafinta da lebura, kowa da sunansa da shekarunsa, in wani ya ji rauni a bakin aiki a yi masa magani a ba shi diyya. Ta uku ta mai wucewa ce, kamar a ce katako ya faɗo wa wanda ya zo karɓar magani. Hukuma tana neman su ne don kuɗin jama'a ne, ba ta so gini ya tsaya a rabi saboda tsautsayi, ko a maka ta a kotu. Akwai wakilinmu a Kafanchan, na riga na yi masa magana, ki je da takardar kwangilar.

Yanzu ki buɗe kunne. Duk wanda sunansa ba ya cikin takarda ta biyu, kada ya ɗaga ko bulo ɗaya a filin nan. In ya sa hannu a aiki ya fita daga sahun masu wucewa, kuma bai shiga na ma'aikata ba, ya zama naki ke kaɗai. Na ga ɗan kwangilar da ya sayar da gidansa saboda wani mai taimako ya zamo daga tsani. Hukuma ma tana iya soke aikin in ta samu baƙin hannu a wurin.

Na san mutanenmu da son kallo da sa hannu a abin da ba a sa su ba. Ki kewaye filin da kwano, ki sa ƙofa da kwaɗo, makulli a hannunki. Kada ki bar kunya ta yi miki kwangila. Rigakafi ya fi magani, in an gama ginin kowa zai manta da shinge.

Ƙanenki,
Gilbert

*

Ungwan Ɗorawa
Watan Maris

Ƙanena Gilbert,

Ina gaishe ku duka. Jiki da sauƙi, barci ne dai ya yi ƙaura. Takardun sun samu, wakilinku ya yi ƙoƙari, aiki ya kai taga. Na bi maganarka tiryan-tiryan, yanzu kuma sai ka zauna ka ji abin da ta haifa.

Na kafa shingen, na roƙi Fasto ya yi sanarwa cewa ba mai shiga sai ma'aikata. Ya yi, tsakanin tara kuɗin baiko da sanarwar aure. Kowa ya gyaɗa kai, ashe kowa ya ɗauka da yara da awaki ake. Wa zai zaci da shi ake, a garin da tun daga coci har makaranta babu ginin da ba da kanmu muka ɗauko ruwansa ba?

Ran Talata da safe ina bakin ƙofa sai na jiyo waƙa daga hanyar rafi. Zumuntar mata ce gaba ɗayanta, kowace da daro a ka, wasu da goyo, Hulda a gaba tana ba da waƙa ana amshi. Gilbert, waƙar da ni kaina nake amsawa shekara da shekaru. Sai da bakina ya fara motsi kafin na tuna makulli na ƙulle a bakin zanena. Leburorin da na ɗauko daga Kafanchan suka ajiye shebur suka zauna kan bulo suna kallo.

Hulda ta ce, "Milka, buɗe mana ƙofa, wuya na yana ciwo."

Na ce, "Ku sauke a nan, yaran nan za su shigar."

Waƙa ta mutu. Ta dube ni ta dubi kwaɗon, ta ce, "Mu sauke a ƙofa kaman masu sayar da ruwa? Ɗaki da za a haifi jikoki namu, baƙo ya shiga, mu mu tsaya a waje?"

Na ce takarda ce ta hana. In wata ta zame ta karye, inshora ba za ta biya ba, kuma za a iya ƙwace aikin.

Ta ce, "Wanene ya ce a biya shi? Lokacin da mun gina coci, Afiniki ya faɗi ya karya hannu, wanene ya yi masa noma shekaran nan? Ba mu ba? Kai ma kana ciki, da fartanya naka."

Gaskiya ce, ina ciki. Na sake cewa takarda ce. Sau nawa na ce takarda a safiyar nan, ni kaina na gaji da jin kalmar.

Hulda ba ta yi zagi ba, da ma ta yi. Ta sauke daronta a hankali ta tuttular da ruwan a gaban ƙofar. Ta bayanta ma ta yi haka, har ta ƙarshe. Suka kife darurruka a ka suka juya. Wurin ya zama caɓi, na taka shi na shiga, na kira mai tankar ruwa daga Kwoi.

Ran Lahadi na zauna a bencinmu na kullum, aka matsa mini wuri har ya yi yawa. Ba wadda ta ƙi gaishe ni. Gaisuwar ce irin wadda ake yi wa matar kansila. Abin ya ci mini rai ƙwarai, na dawo gida ban iya cin abinci ba.

Ka ce kada in bar kunya ta yi mini kwangila. Na karanta layin nan ya fi a ƙirga, kullum sai in ji kamar kana cewa ni 'yar ƙauye ce marar kan gado. Wataƙila ba haka kake nufi ba. Amma kai kana can kana rubutu a ƙarƙashin fanka, ni ce zan mutu a garin nan, matan nan ne kuma za su yi mini wanka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, na sani, ina kan yi.

Yayarka,
Milka

*

Ungwan Ɗorawa
Watan Afrilu

Gilbert,

Ina fata kuna lafiya, ban ji daga gare ka ba. Ni ina nan da rai. Ka karanta wannan yau ɗin nan, ka amsa kafin Asabar.

Ruwan farko ya zo da iska. Mun riga mun ɗora katakon rufi, mun buga rabin kwano. Iskar ta ɗaga shi ɗungurungum ta maka a kan bangon gabas, bangon ya tsage. Ba wanda ya ji ciwo, mun gode Allah. Na garzaya wurin wakilinku, ya ce kada a taɓa ko ƙusa ɗaya sai mai duba ɓarna ya zo daga Kaduna ya gani da idonsa. Yaushe zai zo? Ya ce iskar ba ni kaɗai ta yi wa ba, akwai layi. Leburori sun koma Kafanchan, ba zan riƙe mutum yana zaune ba. Ruwa na ta dukan bulo ina kallo.

Jiya da yamma ina tsinkar rama a kicin sai ga Hulda. Rabonta da gidana tun ranar ruwan nan. Ta ja kujera ta sa hannu a ramar kamar ba abin da ya faru, muka yi ta tsinka. Can ta ce, "Na haɗiye fushi na ne na zo. Baba Meshak ya duba rufin ta saman shinge, ya ce aikin wuni ɗaya ne. Samari sun shirya, Asabar. Matan ɗa na zai haihu a watan Yuni, Milka. Ba na so ya hau mashin."

Baba Meshak shi ne tsohon kafintan da ya rufa cocinmu, har yau ba ta yoyo. Na san abin da ya faɗa haka yake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ga hannaye sun zo har gida suna roƙo a bar su su ɗauka.

In na buɗe, na taɓa abin da aka ce kada a taɓa, na kuma sa baƙin hannu a aiki, injiniya za ta gani ko ba a faɗa mata ba. In na ƙi, na kori Hulda sau biyu, kuma wannan karon ita ta tako. Gaba kura baya sayaki. Na ce mata zan tambayi ƙanena, shi ya san dokar. Ka duba mini, ko akwai wata ƙofa a cikin takardun nan naku, ko taga ce ma zan shiga. Zan kwana Kafanchan gidan 'yar uwar Nelson don kada saƙonka ya zo netwok ya riƙe.

Milka

*

Ungwan Ɗorawa
Watan Afrilu

Gilbert,

Ina fata lafiya ce ta ɓoye ka. Asabar ta zo ta wuce. Na jira a Kafanchan har kunya ta kama ni a gidan mutane, na kira wayarka tana kashe, na dawo.

Sun zo da guduma da tsani, Baba Meshak da sandarsa. Na tsaya a ƙofa na ce a'a. Hulda ta kama hannun tsohon suka juya.

Kai ka sa ni a ruwan nan, da ya kai mini wuya ka yi shiru. In maganar fanka ce ta ɓata maka rai, ka yi haƙuri, amma ba lokacin fushi ba ne. Ba ni da sauran abin cewa.

Milka

*

Fatakwal
Watan Mayu

Yaya Milka,

Ina gaishe ki, ina kuma roƙon gafara. Ba fushi na yi ba. An tura ni can cikin ruwa duba wani sito da ya ƙone, inda ba netwok, na dawo da zazzaɓin taifot, Lucy ta ƙwace wayar ta kulle a durowa. Sai shekaranjiya na ga wasiƙunki uku a jere. Na karanta su a kan gado, abinci ya fita raina.

Batun rufin, kin yi daidai. Da an taɓa kafin a duba, da gyaran ya dawo kanki. Na kira Kaduna na yi musu tsiya, mai dubawa zai zo cikin makon nan.

Amma batun gayya, Yaya, akwai ƙofa, tun farko ma akwai ta. Ana iya ƙara wata 'yar takarda a kan ta ma'aikata, ta masu aikin sa kai. A rubuta sunayensu da ranakun da za su zo, injiniya ta amince, shi ke nan su shiga su yi ɗibar ruwa da haƙa da ɗaukar yashi. Tsofaffi ba za su hau sama ba, mai goyo ta ajiye goyo a waje, iyakarta ke nan. Ba ta da tsada.

Za ki ce me ya hana ni faɗa. Da na ga kin rubuta gayya a ƙarshen wasiƙarki, wucewa na yi ta kai. Na ɗauka irin cika bakin da ake yi ne a sujada, ran aiki a ga yara biyu da wani mashayi. Shekara ashirin da ɗoriya rabona da zama a gida. A nan ko maƙwabcinka ne ya riƙe maka tsani sai ya miƙo hannu, sai na zaci can ma gayya ta bi kakanninmu. Kin tambaye ni abin da hukuma ke nema, na ba ki shi, ban tsaya na tambaye ki abin da gari ke nema ba.

Ni ban ce ki kore su ba, cewa na yi ki kiyaye kanki. Amma na koma na karanta abin da na rubuta, ko ni ne a ƙofar nan abin da zan yi ke nan. Maganar kunya kuwa ba raini ba ne, tsoro ne, don na san ba ki iya ce wa mutum a'a.

Ki tattaro sunayen ki turo, ni zan bi sauran da kaina. Akwai sauran aiki, filasta da daɓe da share fili. Ki gaya wa Mama Hulda laifina ne.

Ƙanenki,
Gilbert

*

Ungwan Ɗorawa
Watan Yuli

Ƙanena Gilbert,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na yi maka mummunan zato, ka yafe mini. Ka gaishe da Lucy, ta kyauta da ta kulle wayar, ni ce dai abin ya faɗa wa. Gwiwa tana nan, damina ba ta raga mata.

Da na karanta wasiƙarka ban yi kuka ba, ban yi fushi ba. Na zauna ne kawai a tashar mota ta Kafanchan har motar Kwoi ta cika ta tafi ta bar ni. Ashe ƙofa na nan, ni kuwa ina tsaye ina gadin bango.

Mai dubawa ya zo, ya auna, ya ɗauki hoto. Ba zan ci haƙƙinku ba, kamfaninku ya biya gyaran har ƙusa ta ƙarshe. Da ba don takardar nan ba da yanzu na sayar da gona. Rufi ya hau, injiniya ta yaba, ta kuma ce ba ta da matsala da masu sa kai in an rubuta su.

Na ɗauki takarda da biro na fara da gidan Hulda, don in ta sa sunanta kowa zai sa. Na same ta tana tankaɗe. Na yi mata bayani tun daga farko, na ce ƙanena ya ce laifinsa ne. Ta saurara har na gama, ta ce, "Suna na kake nema? Tun muna yara kana kira na da shi, yau sai na rubuta maka kafin na shiga?" Na ce ba ni ke nema ba, kamfani ne. Ta ce, "To ka gaishe da kamfani." Ta ci gaba da tankaɗenta. Na bi gida huɗu bayan nata, kowace ta ce sai ta yi shawara da mai gida. Na ninke takardar na dawo.

Matar ɗanta ta haihu a watan jiya. Naƙuda ta zo ana ruwa, ɗakinmu ba ƙofa ba taga, aka ɗora ta a mashin zuwa Kwoi, Hulda na biye a wani mashin ɗin. Ka yi tunanin abin da ke ranta a kan hanyar nan. Allah ya kiyaye, uwa da ɗa suna lafiya. Na je barka da sabulu da zane. Matan zumunta na zaune a tabarma ana ta hira, da na shiga aka aika a ɗauko mini farar kujerar roba daga ɗaki. Na zauna a sama su a ƙasa, aka ba ni jaririn na riƙe kaɗan aka karɓe.

Kada ka wahalar da kanka da neman sunaye. Ihu ne bayan hari.

Yayarka,
Milka

*

Ungwan Ɗorawa
Watan Disamba

Ƙanena Gilbert,

Gaisuwar Kirsimeti gare ku tun kafin ta zo. Na ga saƙonninka duka, da maganin gwiwar da ka aiko, na gode, yana ɗan taimakawa. Shirun da na yi ba na fushi ba ne, gajiya ce. Yau na ce bari in ba ka ƙarshen labarin, tunda da kai aka fara.

An miƙa ɗakin a watan Oktoba. Ya yi kyau, Gilbert, ko ni da na gina sai na tsaya ina kallo. An kawo nas, mata suna haihuwa a ciki, ba a ƙara ɗora kowa a mashin ba. Ranar buɗewa zumunta ta yi waƙa, Hulda ta yi addu'a mai tsawo, ta gode wa Allah, ta gode wa hukuma, ta gode wa 'yar kwangila. Haka ta ce, 'yar kwangila. Na cire shingen na sayar da kwanon, amma ka yi kuskure da ka ce za a manta da shi.

Citta ta yi kyau bana. Ka san yadda muke yi, ko ka manta, ana bin gonaki ne ɗaya bayan ɗaya, mai gona ta yi abinci, a tone a ci a yi waƙa. Bana ba wadda ta aiko mini ranar tata. Daga kicin nake jiyo waƙarsu a gonar Hulda. Duk da haka da tawa ta isa tono na aika gida-gida kamar kullum, na ce in ba su zo ba na san matsayina. Na yanka akuya, na yi tuwon acca da miyar karkashi, na dama kunu a babbar roba.

Sun zo. Dukansu, ba wadda ta rage. Da na hango su a kan hanya sai da na shiga ɗaki na share hawaye, na ce Ubangiji ya ji kukana. Suka shiga gona suka kama tono, ba waƙa, ba tsokana, ba ka jin komai sai ƙarar fartanya. Na ɗauki tawa na shiga layi, aka buɗa mini wuri. Na ɗaga waƙa da kaina, muryata ta tafi ita kaɗai ta dawo. Kafin rana ta karkata sun tone gonar tas, sun tara cittar a inuwa, aikin da ya fi na kowace shekara tsabta.

Na ce a zo a ci abinci. Suka wanke hannu suka ɗaura fartanya a kafaɗa. Hulda ta matso kusa, ba da faɗa ba, har ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Milka, bara ka tone mana gona namu, yau mun tone maka naka. Shi ke nan, mun gama. Abinci kuma mun ƙoshi, Allah ya sa albarka." Na ce ko kunu ku sha. Ta ce rana ta yi.

Na zauna tsakanin tukwane har inuwa ta bar wurin. Na aika wa nas da masu jego abin da za su iya ci, sauran aladuna suka yi ta Kirsimetinsu tun kafin ta kowa. Ban ga laifin matan nan ba, ban ga naka ba, na gaji da neman mai laifi. Abin da na sani shi ne baɗi 'yan ƙodago zan ɗauka, in biya su, su ci abincina su tafi.

Na samu wani aikin a wajen Kagarko, ajujuwa biyu na firamare, sharuɗɗan iri ɗaya ne. Zan kama ɗaki a can har a gama. Ba wanda ya san ni a garin, in na kafa shinge ba ran wanda zai ɓaci. Ka yi wa wakilinku magana ya shirya mini takardun nan uku kafin sabuwar shekara. Ta masu sa kai kuwa a bar ta, babu mai zuwa.

Ka gaishe da Lucy da yara.

Yayarka,
Milka